Kunnen Guguwa a Bayan Kamiyon Alhaji Gado

Na manta ranar da na bar lekol, wato makarantar boko, na manta sunan rabin mutanen da na yi wa aiki, amma ban taɓa mantawa da Lahadin da mutanen Yelu suka bi ni da gudu har cikin gonar rake ba. Ku sababbin shiga kullum kuna tambayata mi ya sa ba ni bari a buɗe gwangwanin fenti sai alli ya kwana uku. To ku zauna ku ji. Wanda ya taɓa ji, ya yi haƙuri ya ƙara.

Sunana Sahabi, amma duk tashar Gaya Ba-Zama ake ce mini, kuma ba ni fushi don gaskiya ce. Aji biyar na tsaya, ranar da mushe, malamin ajinmu, ya kama ni na zana shi da kunnuwan jaki. Daga nan na yi kabu-kabu, na sai da esansi, wato man fetur, a kwalba, na yi dako bakin kadarko, na yi karen mota, na ɗaure dilar gwanjo. Aiki takwas cikin shekara shida. Na tara shi ne wannan atilye, wato shagon aiki, na Patron Namata, mai zanen manyan motoci. Kawuna ya kawo ni, kuma a gabana ya ce, "Namata, wanga shi ne roƙona na ƙarshe a kan yaron ga. In ya ɓata, kar ka aiko mini, tura shi gona wurin tsohonshi." Ni kuwa ba abin da nake tsoro a duniya kamar noman shinkafa. Ruwa har gwiwa, sauro har cikin kunne.

Ga yadda aikinmu yake, don wanda bai sani ba. Mota in ta zo, a wanke ƙyauren baya, a kankare tsatsa, a shimfiɗa farin fenti. Sannan a fitar da zane da alli. Nan dokar Patron take: alli zai kwana uku a jikin mota kafin fentin mai ya hau. Cikin kwana ukun nan mai mota zai duba, matarshi ta aiko a dubo mata, sannan kotun benci ta zauna. Kotun benci su ne tsofaffin shofarori, wato direbobi, da ƴan kamasho da ke wuni ƙarƙashin itacen bedin ƙofar atilye suna shan shayi. Ba wanda ya ɗauke su aiki, don haka ba wanda ya isa ya sallame su. Dalilin dokar kuwa mai sauƙi ne: alli tsumma ɗaya ke share shi, fentin mai sai ya tsufa tare da ƙarfe.

Shekara uku ke nan, bayan girbi, lokacin da ake ta kokowa gari gari. Wata na bakwai ke nan a atilye, abin da ban taɓa yi ba a ko'ina. Ranar Litinin Alhaji Gado, mai motocin albasa, ya shigo da wata kamiyo mai taya goma da ya sawo daga Kotonu. Ya buga ƙyauren bayan da tafin hannu ya ce, "Namata, ba ni son zaki, ba ni son jirgin sama, kowa na da su. Fuska huɗu nake so, ta ƴan kokowa. Uku na da, ɗaya na yanzu."

Ya miƙo hotuna uku tsofaffi, sun yi ja kamar an jiƙa su a shayi: Dorina, Gatari da Giginya. Ko ɗan yaye a ƙasar nan ya san sunayen nan, don har yau makaɗa da su suke buɗe fili.

Patron ya ce, "Na yanzun fa, Alhaji, wa za a sa?"

"Wanda za a riƙa tunawa da shi tare da waɗannan. Motata shekara ashirin za ta yi bisa hanya, ba ni son a kai shekara biyar ana tambayar shoferna wane ne wancan. Ku ne masu ido, ku zaɓa."

Washegari Patron ya tashi zai kai tsohuwarshi likitan ido a Doso, ba zai dawo ba sai wata Litinin. Karo na farko ke nan da ya bar mini atilye. Yana kan moto, wato babur ɗinshi, ya ce, "Ba-Zama, ukun nan ka sa musu fenti, su an gama shari'arsu. Na huɗu alli kaɗai, har in dawo. Ka ji ko?" Na ce na ji. Kuma wallahi na ji ɗin.

Kwana biyu na gama ukun. Sun yi kyau, ba yabon kai ba. Giginya ya fi ba ni wahala, don ƙirjinshi kaɗai ya cinye rabin gwangwani. Ina ta zane ina cewa Allah ya jiƙansu duka ukun, kotun benci na cewa amin suna ƙyaƙyata dariya. Na ɗauka shayi ne ya hau musu kai.

Ranar Alhamis aka buɗe shari'ar na huɗu. Suna biyu ne a bakin mutane. Na farko Guguwa na Yelu, saurayi dogo, kaka biyu bayanshi bai taɓa rairayi ba. In ya shigo fili da layunshi yana rawa, duk portabul, wato wayar hannu, da ke wurin sai ta ɗaga sama. Ni ɗan gani-kashe-ninshi ne, hotonshi ne a fuskar portabul ɗina. Na biyu Turmi na Karakara, gajere, ya kusa shekara goma yana yi. Ya kayar, an kayar da shi. Kokowarshi ba daɗin kallo, sai ya riƙe mutum ya yi ta jira har ka je ka sayi gyaɗa ka dawo.

Hima, shoferen Alhaji, ya ce a ƙirga kaye, wanda ya fi yawa shi ke nan. Wani ya ce a'a, a duba waɗanda ka kayar, don kayar da rago goma bai kai kayar da sa ɗaya ba. Wani ɗan kamasho ya ce shi ma'auninshi ɗaya ne: in ka ji an fara sa wa raguna sunanka, ka shiga sahun manya, in jakuna ake sa wa, ka fita. Aka yi ta musu har shayi ya ƙone a buta.

Akwai wani tsoho a ƙarshen benci, Baba Tankari, siriri, wuya kamar na zalɓe, kullum da ɗan buhun goro da yake sayarwa. Ba ya cika magana. Ranar nan sai ya sunkuya ya ɗauki tsumman da nake share penso, burushin fenti, da shi, wata rigar gwanjo ce mai ratsi, da suna da lamba a baya.

"Wanga sunan wa?"

Hima ya ce, "Wani gwanin wasa ne na Amirka, Baba. Na taɓa ganin irin wasan a tele a Kotonu. A jefo ƴar ƙwallo, mutum ya make ta da wata ƴar taɓarya, ya ruga da gudu kamar ya yi sata."

Baba ya juya rigar ya ce, "To. Shi ma can garinsu wani ya rantse ba za a manta da shi ba. Ga shi a Gaya ana share penso da shi." Sai ya dube ni. "Ɗana, Guguwan nan naka, ka ga faɗuwarshi?"

Na ce, "Baba, ai abin ke nan, ba ya faɗuwa!"

"To ba ka san shi ba tukun."

Abin ya ba ni haushi. Na ce, "Baba, don Allah ka tsaya wajen goronka. Kai mi ka sani a kokowa?"

Sai Hima ya tuntsire da dariya har shayi ya fito mishi ta hanci, wani ya faɗo daga benci yana riƙe ciki. Baba Tankari ya ce, "Gaskiyarka, ɗana," ya ɓare goro ya jefa baki. Ba wanda ya gaya mini komi. Mutanen bencin nan in sun ga wawa ya kama hanya, ba su tare shi, matsa mishi suke ya wuce.

Na fitar da Guguwa da alli a ranar. Juma'a bayan masallaci Alhaji Gado ya zo, ya ga fuska uku na ƙyalli, ta huɗu fara fat kamar fatalwa.

"Wannan fa? Jibi Lahadi akwai kokowa a fili, motata za ta kai mutane. Da alli za ni?"

Na ce, "Alhaji, Patron ya ce a jira shi."

"Namata ne ya sayi motar ko ni? Kai ba ka iya ba ne?"

Ku ji gaskiya, da na ce mishi doka ce, da ya yi faɗa ya tafi, don ya san Patron. Amma "ba ka iya ba" ɗin nan ta shige ni, kuma dama hannuna ƙaiƙayi yake. Na buɗe gwangwani. Ban tsaya nan ba, na ƙara wa Guguwa faɗin kafaɗa, na ɗaga kanshi ya ɗara na Giginya da ɗan yatsa huɗu, na sa mishi hasken rana a bayan kai. Asabar da la'asar ya bushe. Na sa hannu a ƙasa: Sahabi Ba-Zama, Gaya. Da manyan baƙaƙe, yadda mai neman in kashe ni ba zai sha wahala ba.

Lahadi da yamma fili ya cika, an jera buhunan rairayi, makaɗa sun ɗauka. Hima ya juyo da gindin mota daidai saitin fili, yadda kowa zai gani. Kafin a fara, jama'a ta bar kallon ƴan kokowa ta koma kallon ƙyaure. Guguwa da kanshi ya zo da mutanenshi, ya tsaya ƙarƙashin hotonshi yana murɗa damtse, ana ɗaukarshi hoto. Ya ce, "Ina mai zanen?" Aka turo ni. Ya dafa kaina ya ce, "Kai ka san abin da kake yi." Wallahi a lokacin da an auna ni, na fi kamiyon nauyi.

Wanda aka haɗa shi da shi wani ne Manu, mai sai da rake daga Zabori. Ba a ma san shi ba. Mutanen garinsu ne suka rasa cikon mutum ɗaya, suka ce ya aje kurarshi ya ɗaura walki. Ya shigo fili yana waiwayen rakenshi kar yara su sace.

Alƙali ya busa usur. Makaɗi ya fara kirari, "Guguwa mai tafi da rufin..." Bai kai ga ɗaki ba. Guguwa yana rawa, ya ɗan waiga wajen mota don ya ga ko ana ɗaukarshi tare da hoton. Manu kuwa ya saba ɗaga damin rake, sai ya sunkuya ya rungumo ƙafafu biyu ya ɗaga, ya aje. Tim! Baya a rairayi, ƙafa a sama. Manu ya tsaya yana tambayar alƙali, "An gama? In tafi?"

Fili ya kece. Guguwa ya tashi, bai ba Manu hannu ba, ya nuna mota da yatsa yana ihu: "An ɗaure ni! An jera ni da matattu ina da raina!"

Nan ne na gane abin da duk Gaya ta sani ban da ni. Ƴan kokowa mutane ne masu camfi. Wanda ke cikin fili ba a jera shi layi ɗaya da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sai su ce ka kira mishi ƙasa. Sai na ji wani ya ce, "Ga sunanshi nan a rubuce! Ba-Zama!" Wani ya ce, "Ga shi can mai jar hula!"

Ban san ina da gudu haka ba. Na tsallake mai ƙosai, na tsallake kurar Manu, na bi ta bayan makaɗa na faɗa gonar rake. Ganyen rake kun san shi, reza ne. Na yi kwance cikin laka ina jin su suna wucewa, wani na cewa a kamo ni in lashe fentin da harshe. Sauro suka taru a kaina, na ce wato gonar da nake gudu ita ta zo ta same ni. Sai da aka kira magariba na fito, takalmi ƙafa ɗaya.

Litinin da safe na tarar da kowa a atilye. Alhaji Gado yana ta kai da kawo, babbar riga na tashi. Wai tun daga fili har gida yara ke bin motar suna "Tim! Tim!", kuma masu albasa biyu sun ce ba su loda wa motar faɗuwa. Gobe Talata kuma za ta tsallaka kadarko.

"Namata, ka kori yaron ga! Yau ɗin nan!"

Patron ya sauko daga moto ke nan, ko hula bai cire ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙyauren. Ya ce, "Hannun ya yi kyau. Kan ne babu." Ya juyo. "Mi na ce maka?"

"Alli."

"Mi ka sa?"

"Fenti."

"To. Kana da daga yanzu zuwa gobe da hantsi. Ka gyara da kanka, ba ni sa maka baki. In Alhaji ya karɓa, ka zauna. In bai karɓa ba, akwai motar ƙauyenku da azahar."

Na zauna bisa gwangwani, kaina ya ƙulle. Na ce a fili, "Ni da na sani da ban jera shi da matattu uku ba."

Patron ya ce, "Biyu dai. Ka gai da na ukun, ga shi can yana cin goro."

Na dubi ƙyaure, na dubi ƙarshen benci. Ƙirjin da ya cinye mini rabin gwangwani, da wuyan zalɓe. Sai na ga tabon gira, wanda ni da hannuna na zana shi ranar Laraba. Baba Tankari shi ne Giginya. Mutumin da na yi ta nema wa rahama yana zaune yana cewa amin. Mutumin da na ce ya tsaya wajen goronshi.

Na je na durƙusa gabanshi. Ya ce, "Tashi, ɗana. Addu'ar ba ta ɓaci ba, na aje ta, za ta yi amfani gaba."

Na ce, "Baba, ka cece ni. In sa Manu mai rake?"

"Kaye ɗaya? Kana son mutanen Zabori ma su bi ka?"

"Turmi fa?"

"Turmi na kusa. Na ga an kayar da shi ya fi sau goma, kullum shi ke fara ɗaga hannun wanda ya kayar da shi, kuma baɗi ya dawo ya gyara kuskuren. Amma walkinshi na ƙugu tukun. Ni sau nawa aka kayar da ni? Gatari kaɗai ya shimfiɗe ni sau huɗu. Yau wa ke ƙirgawa? Ba a sanin ɗan kokowa sai ya kwance walki, mutane sun huce, sannan a ga abin da ya rage a bakinsu."

"To wa zan sa, Baba?"

"Ni mai goro ne. Mi na sani a zane?"

Benci ya sake fashewa. Amma maganar ta zauna mini. Na shafe Guguwa da fenti ruwan ƙasa, na ɗauki alli. Na zana fili, da buhunan rairayi kewaye, da ganga a gefe, tsakiya ba kowa. A ƙasa na rubuta: WURI NA NAN. Na ce wa Patron ba mu da kwana ukun jira, ya ce kotu ta zauna zaman gaggawa. Suka sha buta biyu a kai, suka amince, in ban da ɗan kamashon nan da ya ce a ƙara rago. Da dare na bi allin da fenti.

Talata da hantsi Alhaji ya zo. Ya duba, ya ɓata rai. "Fuska huɗu na ce. Ina ta huɗun?"

Na ce, "Alhaji, mai ita bai gama kawo ta ba."

Sai ga masu dako sun taru bayan motar. Ɗaya ya ce wurin Turmi ne, ɗaya ya ce ƙarya yake, wani ya kawo sunan wani ɗan garinsu da ba wanda ya taɓa ji. Kan ka ce kwabo mutum ya fi talatin, har da mai albasan da ya ce ba ya lodi, yana rantsuwa yana dukan ƙyaure. Alhaji ya dubi taron, ya dubi motarshi, ya gyara hula.

"Hima, ta da mota. A yi lodi." Ya wuce ni, ya dawo. "Kai, cire sunanka daga ƙasa. Ba don kai ba, don kar a fasa mini gilashin mota."

Haka na tsira daga shinkafa. Sai dai Ba-Zama Ba-Zama ne. Cikin sauri, shafi ɗaya na yi wa Guguwa maimakon biyu. Damina na wucewa fenti ya koɗe, sai ga kunne ɗaya ya fito tsakiyar fili, baƙi, shi kaɗai a rairayi. Duk tashar da motar ta tsaya sai a ce ga Guguwa can yana saurare ko an kira shi.

Bara Hima ya kawo motar in shafe kunnen. Na haɗa fenti ke nan sai na ji inuwa ta rufe ni. Guguwa ne, shi kaɗai, ba mutane, ba rawa. Na fara duba hanyar gonar rake. Tun bayan ranar nan an kayar da shi sau uku, ya kayar da da yawa, kuma an ce yanzu yana ba da hannu. Ya gai da benci, ya durƙusa wa Baba Tankari, sannan ya zo ya daɗe yana kallon ƙyauren.

Ya ce, "Mai zane, kar ka shafe."

Na ce, "Ai dariya ake maka da shi."

"Na sani. Bar mini kunnen. Sauran ni zan kawo da kaina."

Na rufe gwangwani. Kunnen na nan har yau, ku duba in motar ta shigo.

Abin da na koya ke nan a aikin ga. Hannu kowa na iya samu, ni a wata bakwai na samu. Jira ne ba a samu da wuri. Mai mota zai matsa maka, zuciyarka za ta fi shi matsa maka, don kowa na son a ce gwanin zamaninshi ne gwanin duniya. Kai dai riƙe allinka. Wanda ke cikin fili alli ne rabonshi, fenti sai ya kwance walki. Kuma duk tsohon da kuka gani a ƙarshen benci yana cin goro, ku duba girarshi kafin ku buɗe baki.